Idan Attajiri Ya Karye, Wa Za a Fara Biya?

A cikin wannan birni namu na Yawunde, ba da nisa ƙwarai da unguwar Briqueterie ba, akwai babbar sakatariyar wata ƙungiya da ake kira OHADA, wadda ƙasashe 17 na Afirka suka miƙa wa ragamar tsara dokokin ciniki da kamfanoni da bashi, tun daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis ran 17 ga Oktoba 1993. Kuma ko da yake Kamaru da Nijar da Cadi da Binin, watau ƙasashen da fataken Hausa suke ratsawa dare da rana, duk suna cikinta, da wuya ka sami mutum guda cikin masu kantunan atamfa da shadda na unguwarmu, ko cikin mahauta da dillalan shanu na Etoudi, wanda zai iya gaya maka abin da dokar wannan ƙungiya ta tanada game da ɗan kasuwan da bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa.

Alhali kuwa karayar arziki ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin cinikin unguwar nan kusan dukansa a kan lamuni yake tafiya, kuma masu iya magana sun riga sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai kanti yakan karɓi dilar yadi daga hannun babban attajiri na Duwala ko na Kantin Kwari a Kano bisa alkawarin biya bayan Salla. Shi kuma ya rarraba wa teloli da masu surfani da matan da ke kai talla gidaje, kowa da wa'adinsa. Mahauci ya kama sa daga hannun dillali da safe, ya ce sai ya sayar da nama. Dillalin kuwa shanun ba nasa ba ne, na wani Bafillace ne da ya yi lodinsu daga Ngaundere, yana zaune a masaukin fatomansa yana jiran kuɗinsa. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai dukiyar da ba a gani a kanti: zubin adashi, da gadon marayu da aka damƙa wa Alhaji don ya riƙa juyawa, da ɗan abin da matar mamaci ta tara ta ba shi ajiya saboda ta ga ba ya rasa sahun farko a masallaci. Wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya wallafa littafi a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna cewa cinikin shanu da goro na wancan zamani ya tsayu ne a kan lamunin maigida da mutuncinsa. Abin da ya gani can shi ake yi nan har gobe, sai dai kuɗin sun ƙaru, kunyar da take tsaron su kuma ta ragu.

Hasara kanta ba abin zargi ba ce, gama Allah ne mai bayarwa da hanawa. Gobara takan ci kasuwa, kwastan sukan riƙe kaya har su lalace, darajar kuɗi takan faɗi a dare ɗaya kamar yadda sefa ta rasa rabin ƙimarta a Janairun 1994. Abin da nake zargi shi ne halaye biyu da suke biyo bayan hasara a tsakaninmu, watau ɓoyewa da fifitawa. Mutum ya san sarai tun kafin azumi cewa abin da ke kantinsa bai kai abin da ake binsa ba, amma saboda tsoron kada a ce wane ya karye, sai ya ci bashin Audu ya biya Garba, ya karɓi sabon kaya daga wanda bai san halin da ake ciki ba, ya sayi ragon layya mafi girma a layinsu, har ma ya tafi Umra, duk don a rufe bakin mutane. Kuma kowane wata da ya wuce a kan haka ramin ƙara zurfi yake yi, waɗanda za su faɗa cikinsa suna ƙara yawa. Sa'an nan idan asiri ya kusa tonuwa, sai ya dubi masu binsa ya zaɓi wanda yake tsoro da wanda yake jin nauyi, mai hanya a wurin hukuma ko surukinsa, ya biya su cif, ya mai da takardar gida da sunan matarsa, a wayi gari a ji ya yi tafiya Gabon. Marayun nan da matar mamacin nan, waɗanda ba su da baki ba su da sanda, su ne ake bari da "sai haƙuri".

Abin mamaki, wannan mas'ala tana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaurukansu tun kaka da kakanni, kuma fukaha'u na mazhabar Malikiyya sun warware ta dalla-dalla a babin taflisi, watau karayar arziki. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, balle Muhtasar na Shaihu Halilu ko Tuhfa ta Ibnu Asim, ya san cewa da zarar bashi ya kewaye dukiyar mutum, tun ma kafin a je gaban alƙali, masu binsa suna da ikon hana shi yin kyauta da ita, da hana shi biyan wani bashin da wa'adinsa bai cika ba, da hana shi juye duk abin da ke hannunsa ga mutum ɗaya; kuma idan ya yi iƙirari cewa wani makusancinsa yana binsa kaza, ba a karɓar iƙirarin, saboda tuhuma. Idan kuwa alƙali ya hukunta taflisinsa, sai a yi masa hajru, watau a ɗaure hannunsa daga dukiyar, basussukan da ke da sauran wa'adi su zama na biya nan take, a sayar da kaya a bainar jama'a ba tare da gaggawar da za ta karya farashi ba, a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa, mai bin jaka ɗari ya sami ninki biyu na mai bin jaka hamsin, babu babba babu yaro. Wanda ya tarar da ainihin hajarsa da ya sayar masa tana nan ba ta canza ba, yana da zaɓin ya ɗauke abinsa. Shi kuma muflisi ba a tsiraita shi: ana bar masa tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai sami sauƙi, kuma wanda ya tabbata ba shi da komai ba a ɗaure shi, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina da ake kira Usaifi'u, wanda ya kasance yana sayen raƙuma da tsada bisa bashi don ya riga alhazai isowa a yaba masa, har ya karye. Da al'amarin ya kai ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, bai ɓoye ba kuma bai yi sulhu a ɗaki ba, sai ya shelanta wa jama'a cewa duk mai bin mutumin nan ya zo da safe a raba musu abin da ya rage. Son a yaba shi ne ya kai Usaifi'u ga halaka, kuma ban ga alamar cutar ta bar bayan ƙasa ba.

To, mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa dokar OHADA ta karayar arziki, wadda aka rubuta da Faransanci bisa tsarin shari'ar Faransa, ta bi kusan wannan turba. An fara kafa ta a Libreville ran 10 ga Afrilu 1998, aka sake mata gyara mai yawa a Grand-Bassam ta ƙasar Kwaddibuwa ran 10 ga Satumba 2015, kuma tun daga wannan gyara ta haɗa har da tela da mahauci da manomi, duk mai sana'ar kansa, ba 'yan kasuwa da kamfanoni kaɗai ba. Ta wajabta wa wanda ya kasa biyan bashin da wa'adinsa ya cika da abin da ke hannunsa ya kai maganar kotu cikin kwana 30. Ta ba alƙali ikon waiwayawa baya har wata 18 ya rushe kyautar da mutum ya yi bayan ya riga ya kasa, da bashin da ya biya kafin wa'adi, da jinginar da ya ba wani tsohon mai bi don ya fifita shi. Dukiyar da aka saya da sunan mata ma, idan an tabbatar da kuɗin miji aka saya, ana mai da ita cikin abin rabo. Wanda ya ɓoye kaya ko ya ƙirƙiri bashin ƙarya, laifi ya aikata, kuma Kamaru ta kafa dokar hukunta irin waɗannan laifuffuka a 2003. Bal ma dokar ta buɗe ƙofofi tun kafin a kai ga faɗuwa: akwai sulhu a asirce ta hannun mai shiga tsakani, na wata uku da ƙarin wata ɗaya, akwai shirin riga-kafi wanda ke dakatar da ƙararrakin masu bi har a daidaita, akwai farfaɗo da kamfani a ƙarƙashin idon kotu, sai a ƙarshe gwanjon kaya idan babu sauran fata. Ƙananan masu sana'a, waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 20 ba kuma cinikinsu na shekara bai wuce sefa miliyan 50 ba, an yi musu hanya mai sauƙi ta daban.

Ashe ke nan mutumin da ya ɓoye karayarsa ya biya surukinsa ya saɓa wa littafin malam da takardar kotu baki ɗaya, ba shi da mafaka a ko ɗaya.

Amma ba zan yi wa dokar zamani yabon da bai cancance ta ba, domin akwai wuraren da take cutar irin mutanenmu, ko da ba da nufi ba. Idan babbar kotun Mfoundi ta buɗe shari'ar wani ɗan kasuwa, ana buga sanarwa sau biyu a jaridar da ke ɗaukar sanarwar kotuna, kuma mai bin bashi yana da kwana 60 bayan sanarwa ta biyu ya kai takardar haƙƙinsa, ko kwana 90 idan a wata ƙasa yake zaune. Wanda ya makara, an rufe masa ƙofar rabo sai in alƙali ya karɓi uzurinsa. Yaushe attajirin Kantin Kwari ko makiyayin Adamawa yake karanta jaridar Cameroon Tribune? Banki yana da lauyan da aikinsa ke nan. Kuma ko an kai da wuri, sai an kawo hujja, hujjarmu kuwa yawanci ba ta wuce "wane shaida ne" ba, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun haddace ta, muna karanta ta a tarawihi, ba ma aiki da ita a kanti, har ma muna ganin neman rubutu rashin yarda ne. Bayan haka ga jerin fifiko: wanda ya zuba sabon kuɗi don ceto kamfanin a lokacin sulhu shi ne a gaba, sai kuɗin shari'a, sai albashin ma'aikata, sai masu jingina da hukumar haraji, mai bi na baka kuwa shi ne a can ƙarshen layi. Fifita mai sabon kuɗi yana da hujja, don babu wanda zai tallafi mai faɗuwa in ba a lamunce masa ba, fifita ɗan ƙwadago kuma adalci ne tsantsa. Sai dai a aikace, kafin a iso ga wanda ya ba da kaya bisa amana, sau da yawa babu abin da ya saura.

Mas'alar da ta fi damuna ita ce ta kamfani mai iyakantaccen alhaki. Tun daga 2016 Kamaru ta sauƙaƙa buɗe irin wannan kamfani, wanda ake rubuta wa SARL, har jarin sefa 100,000 ya isa, kuma samarinmu da yawa sun buɗe, abin da ba laifi ba ne. Hukuncinsa shi ne idan kamfanin ya karye, abin da mai shi ya zuba kaɗai ya tafi, gidansa da motarsa suna nan, sai fa in an tabbatar kuskurensa na gudanarwa ne ya jawo giɓin, ko ya cakuɗa aljihunsa da na kamfani. A fiƙihu kuwa bashi a zimmar mutum yake, ba ya faɗuwa don kaya sun ƙare, yana nan har ya biya ko a yafe masa, in ba haka ba ya tarar da shi a Lahira. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta duba wannan a 1992, ta ce babu hani ga irin wannan kamfani, hujjarta kuwa ita ce masu mu'amala da shi sun san iyakarsa, don haka babu ruɗi. Fatawa ce mai kyau, amma a lura da sharaɗin da aka gina ta a kai, watau sani. Dattijon da ya ba Alhaji dila goma, fuskar Alhaji ya ba, da sanin mahaifinsa da zaman masallaci ɗaya. Bai taɓa kula da haruffa huɗun da ke kan allon kanti ba. Wanda ya karɓi kaya da mutuncinsa, ranar biya kuma ya ce ai kamfani ake bi, to ko kotu ta wanke shi, ni a wurina ha'inci ya yi. Ko a Amurka, inda ake sassauta wa kamfanonin da suka karye ƙwarai, kotun ƙoli ta ƙi amincewa a Yunin 2024 da shirin da zai kare iyalan Sackler, masu kamfanin magani na Purdue Pharma, daga ƙararrakin mutanen da maganinsu ya cutar, tun da su iyalan ba su miƙa dukan dukiyarsu ga rabo ba, suna son inuwar taflisi ba tare da ɗaukar nauyinsa ba.

Idan kuwa an tambayi 'yan kasuwa dalilin gudun kotu, suna da amsar da ba za a raina ba, domin sun ga yadda manyan karaya suka ƙare a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 bankuna sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, irin su Société Camerounaise de Banque da Méridien-BIAO da Crédit Agricole, har gwamnati ta kafa hukumar SRC a 1989 don karɓo basussukansu. Kamfanin jiragen sama na Cameroon Airlines, wanda aka kafa a 1971 bayan Kamaru ta fice daga Air Afrique, ya daina tashi a 2008. Ƙaramin bankin Cofinest ya rufe ƙofofinsa a Fabrairun 2011, masu ajiya da yawa suka yi shekaru suna jira. Tsofaffin ma'aikatan kamfanonin gwamnati 48 da aka rushe ko aka sake wa fasali sun tsufa suna zarya a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman haƙƙinsu. Wanda ya ga haka, yaya za a ce masa ya miƙa makullin kantinsa ga wakilin kotu? Masu gyaran 2015 sun san da wannan ƙorafi, shi ya sa suka ƙayyade gwanjon kaya ga wata 18 da ƙarin wata 6, suka kuma ɗora wa wakilin da kotu ke naɗawa, wanda ake kira sindik, sharuɗɗa masu tsauri: ya kasance cikin jerin da hukuma ta tantance, ya yi rantsuwa, ya ɗauki inshora, ya ware asusun banki ga kowace shari'a, kada kuma ya zama ɗan'uwa ko tsohon ma'aikacin wanda ake bi. Sharuɗɗa ne na wasiyyi amini, irin waɗanda fukaha'u ke nema ga mai riƙon dukiyar maraya. Saura aiki da su. Sindik ɗin da ladansa ke ƙaruwa da tsawon shari'a, in babu mai sa masa ido, ba shi da dalilin gaggawa, kuma alƙalin da ya bar shari'ar gwanjo ta wuce wa'adinta ba tare da tambaya ba yana da kaso a cikin alhakin.

Ban ga hikimar jiran ranar da kotuna za su gyaru ba, tun da akwai abin da ke hannunmu. Sulhun nan na asiri da doka ta tanada bai bambanta da zaman da dattawanmu suka saba yi a zauren Sarkin Hausawa ko a bayan sallar La'asar ba, illa dai shi ana rubuta shi, kuma ana iya kai shi wurin notar ko a nemi kotu ta tabbatar da shi, ta yadda ba mai iya warware shi gobe. Doka ma ta bar wa mai nema ya gabatar da sunan mai shiga tsakanin da yake so. Me zai hana shugabannin 'yan yadi da na mahauta da na teloli su zaɓi malami guda masanin babin ciniki, da akawu guda, da lauya guda cikin 'ya'yanmu da suka yi karatun shari'a, su zama majalisar da mai ƙunci zai je wa tun yana da sauran abin rabo? Masu fitar da zakka kuma su tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta lissafa, kuma fitar da ɗan kasuwa mai gaskiya daga bashi ya fi raba jaka-jaka a ƙofar gida amfani ga unguwa.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda kafin azumi, lokacin da ake ɗaukar kayan Salla bashi, su karanta wa jama'a babin taflisi da Hausa. Kai kuma mai karatu, in kai ne ka ba da kaya, rubuta, ka sa shaidu biyu, ka tambaya ko da mutum kake ciniki ko da kamfani. In kuwa kai ne lissafi ya ƙi fita, tara masu binka gaba ɗaya a zama ɗaya, da mai ƙarfi da maraya, ka buɗe musu littafin kanti tun kafin kwana 30 ɗin doka su cika.